Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tsara Manhajar Kimiyya: A Fitar Da Darasin Rana Da Wata Filin Makaranta

Zuwa ga Shugaban Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, NERDC, da dukkan malaman da ke zama tare da shi wajen tsara abin da 'ya'yanmu ke koya a firamare.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ba da lada.

Ni malamar firamare ce a jihar Kano, ƙananan azuzuwa nake riƙewa, 'yan shekara shida zuwa tara. Na ɗauki alƙalami ne a kan darasi guda ɗaya tak, wanda a littafi bai cika shafi biyu ba: hasken rana da hasken wata. Roƙona shi ne ku fitar da wannan darasi daga cikin aji ku kai shi filin makaranta, kuma ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a cikin manhaja da jagoran malami. Abin da ba a rubuta ba, malami ba ya samun ƙarfin halin yin sa, mai duba makarantu kuma ba ya tambaya a kansa.

Ga yadda darasin ke tafiya a yawancin azuzuwan da na sani. Malami zai rubuta a allo cewa rana tana ba mu haske da rana, wata yana ba mu haske da dare. Yara su maimaita da ƙarfi har makwabta su ji, su kwafa a littafi. Daga nan a jero musu abubuwan da ke ba da haske: rana, wata, taurari, fitila, kyandir, tocila. Na ga littattafai a kasuwa da suka sa wata a wannan jeri, kafaɗa da kafaɗa da rana, ba tare da wani bayani ba. Ranar jarrabawa yaro ya rubuta abin da aka ba shi, ya ci makinsa cif, ya wuce aji na gaba ɗauke da kurakurai biyu. Na farko, ya ɗauka wata yana da wuta tasa ta kansa. Na biyu, ya ɗauka wata ba ya fitowa sai da dare. Wannan na biyun ya fi yi mini ciwo, domin sau da yawa, a daidai lokacin da yaron ke rera wannan jimla a cikin aji, watan yana nan a sama, fari fes, ta gefen yamma, yana kallon rufin makarantar.

Ku kun fi ni sanin gaskiyar lamarin, amma bari in faɗe ta saboda iyayen da za su karanta. Rana tauraruwa ce, ita ke haifar da haskenta da zafinta. Tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, kuma haskenta yakan ɗauki minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Wata kuwa dutse ne da ƙura, ba ya ci da wuta ko kaɗan. Yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, kuma duk abin da muke kira farin wata hasken rana ne da ya faɗa a kansa ya dawo mana. Ko shi ma ba duka yake maidowa ba, wajen kashi 12 cikin 100 ne kawai. Waɗanda suka taka shi tsakanin 1969 da 1972 sun kwaso duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382, kuma launin doron nasa ya yi kusa da na tsohuwar kwalta. Duhun daren da ke kewaye da shi ne ke sa ya yi mana fari haka. Daren sha huɗu, da duk haskensa, rana ta fi shi haske sau kusan 400,000. Yaron da gidansu ke da sola ya riga ya san rabin wannan magana: faifan da ke kan rufi yana cika batir da rana, amma ko wata ya kai inda ya kai a haske ba ya tsinana masa komai.

Ba ina cewa a ɗora wa ɗan aji biyu waɗannan alƙaluma ba. Na malami ne, don ya tsaya da ƙafarsa idan aka yi masa tambaya. Abin da yaro ke bukata shi ne ya gani, tunda gani ya kori ji.

Kuma babu yaron da ya kai namu dacewa da wannan darasi. Ɗan Bahaushe da wata yake tashi. Ya san daren da ake cewa wata ya tsaya, ya ga manya sun taru bayan magariba sun zuba ido yamma, ya ji an kunna rediyo ana jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. A cikin azumi kowane yaro zai gaya maka yau nawa ga wata ba tare da ya duba kalanda ba. Ya san tashe ba ya farawa sai goma ga wata, lokacin da dare ya yi haske. 'Yan mata sun san daren da gaɗa ke daɗi a dandali da daren da duhu ke korar kowa gida da wuri. Sun san Zara matar wata, sun san kaza da 'ya'yanta. Wannan duk kallon sama ne na gaske, wanda aka yi shekara da shekaru ana yi, amma da yaro ya shigo aji sai mu karɓe shi a bakin ƙofa mu ajiye, mu miƙa masa jimla biyu ya haddace.

Bari in nuna muku abin da nake nufi da lemo guda ɗaya.

Daga wajen 18 zuwa 24 ga watan Musulunci, idan gari ya yi garau, ana ganin wata da safe a lokacin da yara ke layi. Nakan tsayar da su a fili su ba rana baya, in nuna musu shi. Da farko sukan yi tsit, sai kuma surutu ya ɓarke, wasu na cewa ba wata ba ne, gajimare ne. Sai in miƙa wa ɗaya lemo, in ce ya ɗaga shi sama da tsawon hannu, ya kai shi daidai gefen watan, ya kuma ɗaga sosai don kada inuwar kansa ta rufe shi. Abin da ke faruwa ba ya bukatar bayanin kowa. Gefen lemon da ke fuskantar rana ya yi haske, ɗaya gefen ya yi duhu, kuma siffar hasken da ke jikin lemon ita ce sak siffar watan da ke sama. Idan watan rabi ne, lemon ma rabi ne. Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda ba ta cika magana ba, ta daɗe riƙe da lemon, tana duban sa tana duban sama, hannunta har ya fara rawa don gajiya amma ta ƙi saukewa. Can ta juyo ta ce mini ashe wata ma rana yake sha kamar mu. Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba. Ranar da aka tashi na ga ta tsaya a bakin ƙofar makaranta da ƙwallon goruba a hannu tana neman watan don ta nuna wa yayanta, amma ya riga ya faɗi, wannan kuma ya zama tambayar da ta zo mini da ita washegari.

Wannan gwaji yana da sharaɗi ɗaya, kuma a nan ne nake bukatar hannunku. Ba a yin sa sai a makon da wata ke fitowa da safe. Tsarin aikin zango kuwa yana ɗaure malami da makonni: mako na kaza darasi kaza. Idan makon ya faɗo a farkon wata, babu abin da za a gani da safe. Layi ɗaya a jagoran malami ya isa ya warware wannan: a bar malami ya matsar da darasin zuwa makon da ya dace da kwanan wata. Ku kuma ba shi wuri a zangon farko, tsakanin Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma kafin hazo ya yi kauri. A nan Arewa wannan ne lokacin da sama ta fi tsabta.

Daga lemon nan sauran ke biyowa. Ina son kowane yaro ya yi wata guda cur yana zana wata, ƙaramin zane ɗaya kowace rana a gefen littafinsa, da kwanan wata a ƙasa. Ba sai ya fita ko'ina ba, daga tsakar gida bayan magariba ya isa, uwa ko kaka na kusa. Zai ga jinjirin wata can ƙasa a yamma, kusa da inda rana ta faɗi. Bayan mako ɗaya zai gan shi rabi, a saman kai. Daren sha huɗu zai gan shi yana ɓullowa daga gabas a daidai lokacin da rana ke faɗuwa a yamma. Bayan nan sai ya fara zuwa yana cewa, malama, jiya ban ga wata ba har na yi barci. Wannan ƙorafi shi ne darasin, domin wata yana jinkirta fitowa da kimanin minti 50 kowace rana. Sai a ce masa to daga yau nemi shi da safe. Kafin zanen ya cika, yaro ya ƙirga da hannunsa cewa zagayen kwana 29 ne ko 30, kuma ya sami hanyar gane dalilin da ya sa azumi ke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, har ya zagaya daga bazara ya shiga sanyi.

A nan akwai kuskure na uku, wanda na ji daga bakin manya masu takardun shaida, ba yara kaɗai ba: wai inuwar duniya ce ke rufe wani sashe na wata shi ya sa yake raguwa. Ba haka ba ne. Kullum rabin wata yana cikin hasken rana, rabi yana cikin duhu. Abin da ke sauyawa shi ne yawan ɓangaren mai haske da ke fuskantarmu yayin da yake kewaya duniya. Jinjirin wata da kansa shaida ne: yana gefe ɗaya da rana, to ta yaya duniya za ta shiga tsakaninsu? Malamin da bai warware wannan a kansa ba zai shuka shi a kan yara ɗari a shekara. Don haka ina roƙo ku yi magana da kwalejojin ilimi, kowane ɗalibin malanta ya riƙe lemon nan da hannunsa kafin a ba shi aji.

Ku dubi hotunan littattafai ma. Sau tari ana zana jinjirin wata a tsaye, ƙahoninsa na kallon gefe, yadda ake ganin sa a ƙasashen Turai. A nan wurinmu, kusa da tsakiyar duniya, yawanci a kishingiɗe yake tsayawa, ƙahoninsa biyu na kallon sama. Yaro ya zano abin da idonsa ya gani, ya duba littafi ya ga daban, sai ya goge nasa. Ban san abin da ya fi wannan kashe wa yaro gwiwa a kimiyya ba, a koya masa cewa idan idonsa da littafi suka saɓa, idonsa ne ya yi ƙarya.

Ɓangaren rana ya fi sauƙi, sanda ɗaya ya isa. A kafa ta a fili da safe, kowace awa yaro ɗaya ya je ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar. Da hantsi inuwar doguwa ce ta miƙe yamma, tana ta gajarcewa har ta kai iyakarta, sannan ta juya gabas. A Kano wannan juyi yakan zo tsakanin ƙarfe 12:10 da 12:40, gwargwadon lokacin shekara, kafin a tashi daga makaranta ke nan. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma zai gane wurin nan take, domin shi ne zawalin da ake gaya masa a babin lokutan salla, kuma da tsawon inuwa kakanninmu ke gane shigar la'asar tun ba a san agogo ba. Akwai kuma abin da yaron Ingila ba zai taɓa gani a garinsu ba: a Kano, wajen 21 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana takan bi ta tsakar ka sosai, har sandar da ke tsaye ta kusa rasa inuwa gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. Ban taɓa ganin wannan a littafin firamare ba, alhali a filinmu yake faruwa.

Na san abin da za a ce: aji ɗaya yara sun haura ɗari, babu kayan aiki, babu kuɗi. Gaskiya ne, a cikinsa nake. Amma wannan darasi ne da cunkoso ba ya hanawa, domin fili ya fi aji faɗi. Kayansa lemo ne, da sanda, da tsakuwa, da madubin da ke jakar kowace malama. Da madubin ake jefa hasken rana a bangon aji ta taga, yara su ga haske na iya faɗawa kan abu ya karkata wani wuri. Sai a ajiye madubin a ɗauko farar takarda a riƙe cikin rana kusa da bangon, su ga ta haska shi a hankali ta ko'ina, ba a wuri ɗaya ba. Irin na takardar nan wata ke yi. Wannan bambanci ba sabo ba ne. Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum a kan hasken wata, inda ya nuna cewa wata ba ya maido da haske irin na madubi, kowane sashe nasa da rana ta taɓa yana watsa haske ta kowace fuska. Shi ne kuma ya kafa hujjar cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ina son sunansa ya shiga littafin yaranmu. Iyaye da yawa a nan har yanzu suna ɗari-ɗari da darasin kimiyya, suna ganin baƙo ne da ya zo ya raba 'ya'yansu da abin da suka gada. Idan uba ya ji cewa malamin Musulunci ne ya yi wannan bincike shekara dubu da suka wuce, ya kuma tuna aya ta 5 a Suratu Yunus da ta ambaci manzilolin wata don a san adadin shekaru da lissafi, shi da kansa zai fito tsakar gida ya taya ɗansa zanen.

Game da harshe, ko wace matsaya gwamnati ta ɗauka, ina roƙo jagoran malami ya ba da dama a yi wannan tattaunawa ta fili da harshen da yaro ke mafarki da shi. Ɗan shekara bakwai ba zai iya yin gardama a kan abin da ya gani da Turancin da bai wuce kalma hamsin ba, kuma gardamar ita ce kimiyyar. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ya nuna ba su yi asarar komai ba, sun ma fi takwarorinsu fahimta. Yaro ya fara gane abin, sunansa na Turanci zai same shi a hanya.

Saura maganar husufi, kuma ita ce mai gaggawa. Mun tashi muna jin rana ta kama wata, yara su fito da gwangwani da tsofaffin kwanuka suna kaɗawa suna roƙon ta sake shi. Ban raina wannan ba, tarihinmu ne, kuma yana nuna mutanenmu sun daɗe da lura cewa akwai wata alaƙa tsakanin su biyun. Amma yaro ya cancanci ya san cewa husufin wata shi ne lokaci ɗaya tilo da inuwar duniya ke faɗawa kan wata, shi ya sa ba ya faruwa sai wata ya cika, kamar na daren Juma'a 27 ga Yulin 2018, wanda duhunsa ya kai awa ɗaya da minti 43. Husufin rana kuwa wata ne ke giftawa ta gabanta, shi ya sa ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Rana ta fi wata faɗi sau wajen 400, amma ta fi shi nisa sau wajen 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf. Mutanen Gusau da Katsina sun ga haka da idonsu ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi gari ya yi duhu. Addininmu ma ya riga ya cire tsoro daga ciki: ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka danganta shi da rasuwar, sai ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Ranar 2 ga Agustan 2027 za a yi wani husufin rana, cikakke a Masar da Jidda da Makka, mu kuma a Arewa za mu ga wani sashe na rana ya rufu. Sannan ranar 20 ga Maris 2034 cikakken husufi zai ratsa Nijeriya kanta daga wajen Legas, ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan. Yaran da ke gabana yanzu za su ga duka biyun. Abin da ke hana ni sukuni shi ne idanunsu. Yaro zai ɗaga kai ya ƙura wa rana ido, ko ya duba ta cikin baƙin tabarau, ko gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, kuma babu ɗaya daga ciki da ke kare ido. Lahanin ba ya zuwa da zafi a lokacin, sai daga baya, wani kuma ba ya warkewa. Hanyar da ba ta da haɗari tana cikin kowane gida: a riƙe rariya ko kwalin da aka huda da allura, a ba rana baya, a dubi ƙasa, za a ga siffar ranar da aka gutsure a kowane ɗigon haske. Ƙarƙashin darbejiya ma haka ɗigogin hasken da ke ratsa ganye ke komawa.

Na 2027 zai zo ne a farkon Agusta, lokacin da yawancin makarantu ke hutu, babu malami a kusa. Ke nan dole a koyar da wannan a zango na uku kafin a sallami yara. Ina roƙonku ku haɗa kai da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, da hukumomin ilimin bai ɗaya na jihohi, a fitar da takarda mai shafi ɗaya da Hausa da sauran harsunanmu, da zane, ta isa hannun kowane shugaban makaranta kafin watan Mayun 2027, a kuma karanta ta a gidajen rediyo da masallatan Juma'a.

Wassalam.

Taku,
Malamar firamare, daga jihar Kano.